Cikina wata bakwai, in hau jirgi zuwa Kano ko in fasa?

Tambaya: Salam likita. Ina zaune a Agege, cikina wata bakwai, maigida ya riga ya yankar mana tikitin jirgi zuwa Kano hutun yara, sati biyar za mu yi. Surukata ta ce kar in kuskura wai hawa sama yana tayar da naƙuda. Mu fasa ne? Ga kuɗin tikitin ma yana damuna wallahi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Ki kwantar wa Hajiya da hankali, jirgi shi kaɗai ba ya tayar da naƙuda in cikin lafiya lau yake, kuma daga Ikeja zuwa Kano wajen awa ɗaya da rabi ne, ya fi miki sauƙi nesa ba kusa ba a kan ki kwana a mota kina shan gargada.

Ni abin da ya fi damuna ranar dawowarki ce. Kin ce wata bakwai, toh mu a asibiti da sati muke lissafi, ki duba katin awonki ko takardar sikanin. In yanzu kina sati 30 kinga ranar dawowa kin kai 35, kuma yawancin kamfanonin jirgi daga sati 36 suke daina ɗaukar mai ciki, in tagwaye ne tun 32, sannan da kin wuce 28 sukan nemi takardar likita mai nuna ranar da ake sa ran haihuwa, wasu ma sai wadda aka rubuta kwana kaɗan kafin tashi, wato a Kano ma sai kin nemi wata. Ina jin takaici in ga mace ta sha cunkoso tun daga Agege da yara da kaya a mayar da ita gida saboda takarda ɗaya. Dan Allah maigida ya kira kamfanin tun yau, kowanne da dokarsa.

Amma in kina zubar jini, ko jininki yana hawa, ko sikanin ya nuna mabiyiya ta sauko ƙasa, ko kina da sikila ko ƙarancin jini mai tsanani, ko kin taɓa haihuwar bakwaini, toh nan kam kar ki je ko'ina sai likitan da ke duba ki ya amince.

In komai lafiya, ki rage hutun zuwa sati biyu ko uku, ki tafi da katin awonki a jakar hannu. A jirgi ki sha ruwa sosai, ki dinga motsa ƙafa, bel ɗin kuma ƙasan ciki ake ɗaura shi ba a kan cibiya ba.

Maganar kuɗi, kar ku bari jirgi ya tashi ba ku sanar ba, nan ne ake asara. Canza rana yawanci ya fi neman a mayar da kuɗi sauƙi, ku tura musu takardar likita ku nemi a matso da ranar dawowar.