Wane iri ce wannan 'yar kyanwar? Amsa ga masu shirin saye

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani mai sayar da dabbobi ya turo mini hotunan wata 'yar kyanwa ta WhatsApp, fara tas, idanunta shuɗaye, gashinta mai yawa da laushi. Ya ce makonta biyar da haihuwa, kuma 'yar Farisa ce tsantsa, saboda haka ya tsuga mata kuɗi. Yarana sun ƙwallafa rai a kanta. Ta yaya zan gane gaskiyar maganarsa kafin in biya? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Alamomi ukun da kika lissafa, wato farin launi, shuɗin ido da yawan gashi, babu ko ɗaya a cikinsu da ke tabbatar da cewa kyanwa 'yar Farisa ce, musamman a wannan ƙuruciyar. Kowace 'yar kyanwa da shuɗayen idanu take fara rayuwa. Idanun suna buɗewa ne tsakanin kwana 7 zuwa 10, launinsu na gaskiya kuma ba ya fara fitowa sai wajen mako na shida ko na bakwai, ya kan kai wata uku kafin ya zauna. Saboda haka shuɗin da kika gani a hoto yana iya rikiɗewa ya koma ruwan ɗorawa ko kore nan da 'yan makonni.

Gashin ma haka yake. Jariran kyanwa duka suna da gashi mai laushi da ya tashi buzu-buzu, kuma sai wajen mako takwas ake iya bambance mai dogon gashi da mai gajere, ta hanyar duban jela da gashin da ke leƙowa daga cikin kunne da tsakanin yatsu. Ko da ta tabbata mai dogon gashi ce, wannan bai mayar da ita 'yar Farisa ba, domin dogon gashi gado ne mai ɓuya: muzuru da kyanwa masu gajeren gashi suna iya haifar mai dogo idan dukansu biyu suna ɗauke da shi a jininsu. Mai sayen rago ba ya kiran kowane farin rago Balami sai ya dubi tsayi da kunne da ƙirar kai, to haka ya kamata mai sayen kyanwa ya yi.

Abin da ya fi nuna irin Farisa shi ne ƙirar jiki: kai mai faɗi a zagaye, ƙananan kunnuwa da suka yi nesa da juna, gajeren hanci da ya lotsa ciki, gajerun ƙafafu masu kauri. Amma ko waɗannan ɗin zato kawai suke bayarwa. A ƙasashen da ake kiwon kyanwa bisa tsari, hujjar asali takarda ce mai ɗauke da sunayen iyaye da kakanni, wadda ƙungiyoyi irin su CFA ta Amurka, da aka kafa a 1906, ko GCCF ta Birtaniya, da aka kafa a 1910, suke bayarwa. Mafi yawan kyanwowin duniya ba su da irin wannan takarda, kuma ba su cikin wani iri na musamman. Kyanwowin gida ne kawai, jikokin kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya. Idan mai sayarwa ba shi da takarda, mafi ƙarancin abin da za ki nema shi ne ki je da ƙafarki ki ga uwar tana shayar da 'ya'yanta, ki kuma nemi ganin uban. Wanda ya ƙi nuna miki uwa, kada ki biya shi kuɗin tsantsar iri.

Akwai abin da ya fi damuna a wasiƙarki fiye da batun asali, shi ne shekarun wannan jaririya. Mako biyar ya yi kaɗan ƙwarai a raba ta da uwarta. Bai kamata a ɗauke ta kafin mako takwas ba, masu kiwo na ƙwarai ma suna jira har mako 12, lokacin da aka yi mata allurar rigakafi aka kuma ba ta maganin tsutsar ciki. Wadda aka yaye da wuri takan yi fama da gudawa, balle idan aka ɗura mata madarar shanu, wadda cikinta ba ya iya narkarwa da kyau. Kina iya gwada maganar mai sayarwa da sikeli: ana haihuwar 'yar kyanwa da nauyin giram 100 ko kusa da haka, tana kuma ƙara kimanin giram 100 duk mako, don haka mai mako biyar takan kai rabin kilo ko fiye da haka kaɗan.

Ko da ta tabbata 'yar Farisa ce, ina so ki yi tunani sau biyu. Lotsattsen hancin da ake yabawa shi ne ke sa da yawansu wahalar numfashi da zubar hawaye kullum, zafin Kano na watan Afrilu kuwa ba ƙaramar azaba ba ne ga dabba mai tulin gashi da ƙuntataccen hanci. Gashin yana buƙatar taza kowace rana, in ba haka ba ya cukurkuɗe ya zama maɓoyar ƙuma. An kuma san wannan iri da wani ciwon ƙoda na gado. Tun da fara ce, ki tafa hannu a bayanta inda ba ta ganinki, ki ga ko kunnuwanta za su motsa, domin kurumta ta yawaita a tsakanin fararen kyanwowi, musamman waɗanda idonsu ya zauna a shuɗi. Ki duba kwantsa a ido, majina a hanci, da wuraren da gashi ya zube a zagaye, wanda alama ce ta makero, kuma yana kama yara. Idan da hali, likitan dabbobi ya duba ta kafin kuɗi su fita daga hannunki.

Tambaya: Na tsinci ɗan mage a bayan shagona. Jikinsa fari-fari ne, amma kunnuwansa da hancinsa da jelarsa suna ƙara duhu kullum. Ciwo ne ko wani iri ne? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

Amsa: Malam, ba ciwo ba ne. Wannan salon launi shi ne aka san irin Siyam da shi, wanda asalinsa ƙasar Tailan ce. Ana haihuwarsu farare, sannan sassan jikin da suka fi sanyi, wato kunne, fuska, ƙafafu da jela, su yi ta yin duhu, domin sinadarin da ke samar da launin gashinsu ba ya aiki sai a inda zafin fata ya ragu. Shi ya sa a ƙasa mai zafi launin nasu yakan fi haske, ya kuma ɗan ƙara duhu lokacin hunturu. Idanun irin waɗannan suna zama shuɗaye har girma. Mai yiwuwa akwai jinin Siyam a kakanninsa, amma launi kaɗai ba ya mayar da shi tsantsa, don haka idan ka tashi bayar da shi kada ka ce wa kowa ɗan Siyam ne. Tun da tsintarsa ka yi, ka kai shi a yi masa allurar ciwon haukan kare da zarar ya cika wata uku.

Tambaya: An ce mini kyanwa mai launi uku, fari da baƙi da ja, wani iri ce mai tsada. Gaskiya ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: A'a, 'yar'uwa, launi ne kawai, kuma ana samunsa a kyanwowin unguwa kamar yadda ake samunsa a masu takarda. Abin da yake gaya miki da kusan tabbaci shi ne jinsi: masu haɗa baƙi da ja kusan dukansu mata ne, saboda gadon waɗannan launuka biyu yana tafiya ne a kan ƙwayar halittar da mace ke da guda biyu, namiji kuwa ɗaya. Idan kika samu irin wannan kyanwa, ki shirya wa haihuwa ko ki nemi likita ya yi mata aikin hana ɗaukar ciki, domin kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko ma huɗu.