Yuro 210 a gidan tapas: asara ce ko kuɗin neman kasuwa?

Wani ɗan kasuwar fata daga Kano ya aiko mini da tambaya. Ya je baje kolin fata na Lineapelle a Milan ta ƙasar Italiya, ya haɗu da wani mai masana'antar takalma daga Elche ta ƙasar Sifaniya, yana fatan ya riƙa sayen fatar akuya a hannunsa. Ya gayyace shi cin abincin dare, baƙon ya zaɓi wani gidan tapas mai dafa irin na Sifaniya da na Italiya, ya kuma taho da mutum biyu. Ɗan kasuwar ya ce: "Malam, na duba farashi na ga kowane faranti bai wuce Yuro 8 ko 9 ba, sai na saki jiki. Da aka kawo lissafi sai ga Yuro 210, har da giya kwalba biyu da ban sha ba. An cuce ni ne? Kuma a ina zan rubuta kuɗin nan?"

Alhaji, da wuya a ce an cuce ka. Haka gidan tapas yake. Faranti ne ɗan ƙarami da ake ajiyewa a tsakiya kowa ya kai hannu: dankalin turawa soyayye da yaji, wainar ƙwai da dankali da suke kira tortilla, jatanlande biyar ko shida a man zaitun da tafarnuwa. Loma biyu ya ƙare, mai hidima ya dawo da murmushi, baƙo ya nuna wasu uku. Babu mai ƙirgawa. Mutum huɗu kowa ya ci faranti huɗu, 16 ke nan, a Yuro 8 an kai 128 ba a sha ko ruwa ba. Sai kuɗin zama da Italiyawa ke kira coperto, wanda ake caji a kan kowane mutum, yawanci Yuro biyu ko uku, kuma a rubuce yake a takardar abincin, sai dai da ƙananan haruffa. Ka haɗa ruwan kwalba, kofi da giyar baƙinka, lissafin ya fita daidai. Ka san yadda mai tsire yake cin ribarsa tsinke-tsinke, to wannan ɗan'uwansa ne.

A littafi, kada ka sa shi a kuɗin gida, kada kuma ka kira shi asara tukuna. Ka buɗe masa layi tare da tikitin jirgi, biza, masauki da samfuran da ka ɗauka, ka sa masa suna kuɗin neman abokin ciniki. Idan mutumin ya yi oda, ka raba jimillar a kan yawan ƙafar fatar da ka sayar masa a shekara (ƙafa ita ce ma'aunin faɗin da ake sayar da fata da shi), za ka ga ko ta kai abin damuwa. Idan bai yi ba bayan ka tuntuɓe shi sau biyu ko uku, ka rufe layin, kada ka bi shi da liyafa ta biyu. Nan gaba kuma ka nemi rasit mai sunan kamfaninka, fattura a Italiya, factura a Sifaniya, don mai duba maka lissafi ya samu abin riƙewa.

Maganar giya ce ta fi damuna, domin tun kafin a zauna ya kamata a gama ta. Wanda ya yi gayya shi ke biya, a can ma haka ne, saboda haka shi ke da ikon zaɓar wuri. Kai ka bar wa baƙo zaɓi. Da ka ce masa tun a wurin baje kolin, "Ni Musulmi ne, abinci a kaina yake, amma ba na sayen giya," ba na jin zai ɗauka da zafi. Mai sayen fata ya saba hulɗa da mutanen Maroko, Turkiyya da Pakistan. Haka kuma naman alade ya cika irin wannan abinci: jamón, chorizo da prosciutto duk shi ne, croquetas ma, wasu ƙananan dunƙule da ake soyawa, sau da yawa da shi ake cusa su, shinkafar risotto kuwa galibi ana zuba mata farar giya wajen dahuwa. Ka riƙe "senza maiale" a Italiya da "sin cerdo" a Sifaniya, wato ban da alade.

Lineapelle sau biyu ake yin ta a shekara, Fabrairu da Satumba, ka ga akwai wata damar. Wannan karon ka gayyace shi abincin rana, inda gidaje da yawa ke da farashi ɗaya tsayayye ga kowane mutum. Ka tambayi mutum nawa zai zo da su. Idan tapas ɗin ne dai, kai za ka riƙe takardar: ka yi oda faranti shida, a ci, a duba ciki, sannan a ƙara. Kifin da aka rubuta "all'etto" a gefensa, farashin giram 100 ne kawai, ka tambayi nauyinsa kafin a gasa.

Kada kuma ka fito da maganar farashin fata da faranti na farko. Mutanen Sifaniya suna da zaman hira bayan an kwashe kwanuka, sobremesa, a nan za ka ciro samfurin daga jaka, ka shimfiɗa masa a gefen kofin kofi, ya murza da yatsunsa, sannan ka faɗi kuɗin ƙafa ɗaya.