Wace kalma zan kira mace da ita a Sifaniyanci? Ga abin da na gani

Wa'alaikumus salam ƙanena, barka da arziki, Allah ya sa a je a sa'a. Ka ce ka samu gurbin karatu a Balensiya ta ƙasar Sifaniya, kana koyon Sifaniyanci a waya, kuma ka tara kalmomin da matasa ke kiran 'yammata da mata da su, irin su tía da morra da mina da mami, kana so a gaya maka wacce za ka riƙe. Na daɗe a yankin da za ka je. Aikina a ɗakin tantance lemu ne, muna zaɓa muna jerawa a kwali, kuma matan da muke aiki tare akwai 'yan ƙasa, akwai 'yan Kolombiya da Ekwado da Benezuwela da Ajantina. Daga bakinsu na koyi abin da zan faɗa maka.

Ka koye su duka saboda kunnenka, don ka gane abin da ake faɗa a gabanka. Amma waɗanda za su fito daga bakinka, kada su wuce biyu ko uku har sai ka zauna ka ga yadda garin yake. Jerin da ka samu ya cakuɗa kalmomin ƙasashe da yawa wuri ɗaya. Sifaniyanci harshen hukuma ne a ƙasashe 20, har da Ikwatoriyal Gini maƙwabciyar Kamaru, waɗanda suka tashi da shi tun daga gida kuwa sun kai wajen miliyan 500. Kowace kalma tana da ƙasarta, tana kuma da irin kusancin da ake bukata kafin a furta ta.

Wadda ba ta da matsala ko'ina ita ce chica. Ka karanta ch ɗinsu kamar c ɗinmu, wato "cika". Da ita za ka ce yarinyar ajinmu, ko yarinyar da ke aiki a kanti, ba wanda zai ɗaga kai ya dube ka. A Sifaniya za ka yi ta jin tía a bakin 'yammata kusan a kowace jimla. Asalin ma'anarta gwaggo ko inna, amma matasa sun mayar da ita kiran ƙawance, namijinta tío. Idan kun saba da 'yar ajinku, ita da kanta ta fara ce maka tío, to kai ma ka samu izini. Malamarka ko matar da ta ba ka hayar ɗaki, kada ka kuskura. Akwai kuma chavala, ana faɗin ta "cabala" domin v ɗinsu b ce, ta shigo ne daga Kalo, harshen Gitanawa, wata ƙabila a Sifaniya, ita ma ta hira ce ba zagi ba. Tunda Balensiya za ka, ka sani suna da nasu harshen na yankin, a cikinsa yarinya xiqueta ce, "ciketa". Tsofaffi sun fi faɗin ta.

Morra da chava na Meziko ne, morra ta fi ƙarfi a arewacin ƙasar. Piba da mina na Ajantina da Yurugwai ne. Masu kallon ƙwallo sun san pibe, domin laƙabin Maradona ke nan, El Pibe de Oro, yaron zinare. Piba ce macensa. Mina ta fito daga Lunfardo, yaren titin Buwenos Aires da ya bunƙasa lokacin da baƙi daga Italiya suka cika birnin a ƙarshen ƙarni na 19. Ana faɗin ta ne idan ana maganar mace a bayanta, ba a kiran ta da ita ido da ido, kuma wata abokiyar aikina 'yar can ba ta son jin ta daga bakin namiji ko kaɗan. 'Yan Benezuwela chama suke cewa, 'yan Gwatamala patoja, 'yan Feru chibola. Idan ka faɗi ɗaya daga cikin waɗannan a Balensiya, wataƙila a gane, amma za a san daga waya ka ɗauko.

Inda nake so ka nutsu shi ne kalmar da take wanke a wata ƙasa, ta zama ƙazanta a wata. Güila a Kosta Rika yarinya ce kawai, a Meziko kuwa karuwa ake nufi. Pelada a Kolombiya da Ekwado budurwa ce, matan ɗakinmu kullum suna faɗin ta, amma a Meziko mara tarbiyya ce. Bicha da cipota yarinya ce a El Salbado, alhali bicho a Porto Riko da cipote a Sifaniya al'aurar namiji suke nufi. Cabra akuya ce, amma a Cile haka ake kiran yarinya ba tare da raini ba. Muchacha ma da ake koyarwa a darasin farko, a wasu wurare 'yar aiki take nufi.

Vieja ta fi su rikitarwa. Ma'anarta tsohuwa. Ɗan Ajantina idan ya ce mi vieja mahaifiyarsa yake nufi, da ƙauna, kamar yadda samarinmu ke cewa "tsohuwata". Ɗan Meziko yawanci matarsa ko budurwarsa yake nufi, kuma mata da yawa a can suna jin ta a matsayin raini. A Kolombiya kowace mace ana iya ce mata vieja a hira, ko shekararta ashirin. A Sifaniya ka ce wa dattijuwa vieja, ka zage ta.

Akwai wani tarko da ka'idar nahawu da kanta take jefa ɗalibi a ciki. An koya maka cewa ka cire o ka sa a, namiji ya koma mace. Haka ne a yawancin kalmomi, amma ba duka ba. Zorro sunan yanyawa ne, idan aka ce wa namiji haka ana nufin mai wayo. Zorra zagi ne mai nauyi da ke taɓa mutuncin mace. Fulano "wane" ne, daga Larabcin fulan da ka sani, amma fulana tana iya nufin karuwa. Golfo ɗan iskan gari ne, har akan faɗe ta cikin wasa, golfa kuwa ba wasa a cikinta. Wannan abin yana yi mini ciwo, domin na ga yarinya baƙuwa ta yi dariya an jefe ta da irin wannan kalma, ba ta san an ci mutuncinta ba. Shi ya sa na ce ka koye su da kunne: wata rana 'yar'uwarka za a faɗa wa a gabanka.

Mami, mamacita da nena, kalmomin shauƙi ne, ka bar su inda ka same su. A cikin waƙa ka fi jin su. Tsakanin miji da mata, ko uwa da 'yarta a ƙasashen Karibiyan, ba laifi ba ne. Daga bakin namijin da mace ba ta sani ba kuwa, a titi, cin zarafi ne, kuma hukuma ta shigo cikin maganar. Feru ta yi doka a kan haka a 2015, Ajantina da Cile a 2019, Sifaniya ta sa shi cikin dokar da ta zartar a 2022. Kai baƙo ne mai takardar karatu, ba ka da rarar da za ka yi wasa da ita. Guapa, kyakkyawa, za ka ji mai sayar da burodi tana faɗa wa kowace mai saye, kai ma ta ce maka guapo. Wannan gaisuwar ciniki ce daga dattijuwa. Ba daidai take da saurayi ya tare yarinya a tashar mota ya faɗa mata ba.

Haka gorda, flaca da negra, wato mai ƙiba, siririya, baƙa. A Kudancin Amurka kiran shauƙi ne a cikin gida. Mawaƙiyar Ajantina Mercedes Sosa da La Negra aka san ta har ta rasu a 2009. Da zarar an fita daga wannan da'irar sai ma'ana ta sauya. Ka tuna Cavani, ɗan ƙwallon Yurugwai, da hukumar ƙwallon Ingila ta dakatar wasa 3 a ƙarshen 2020 saboda ya rubuta wa abokinsa negrito, wato ɗan baƙi, a Instagram.

Idan za ka yi wa macen da ba ka sani ba magana, ba ka ma bukatar kalmar kira. Perdone ko disculpe sun wadatar, wato gafara dai. Dattijuwa señora ce, ka haɗa da usted, wato "ku" na girmamawa, maimakon tú, wato "ke". Señorita, wadda ake kiran budurwa da ita, tana ja baya a Sifaniya, ko da yake tana nan da ranta a Latin Amurka. Malamarka ka fara da profesora da usted. Yawancinsu da kansu za su ce ka kira sunansu kawai. Duk kalmar da ka ji ba ka gane ba, ka duba ƙamus ɗin Real Academia Española, hukumar kula da harshen Sifaniyanci, kyauta ne a intanet. Kafin ma'ana suna sa 'yan gajerun alamu: coloq. ta hira ce, despect. ta raini ce, malson. batsa ce, sannan Méx. ko Arg. ko Col. suna nuna maka ƙasar da ake faɗin ta.