Turaren Fure da 'Ya'yan Itace: Hali Yake Bi Ko Jiki?

Wasiƙar farko ta wannan mako daga wata baiwar Allah ce mai sayar da turare a Rikkos, nan cikin Jos. Ta ce:

"Malam, Allah ya ƙara basira. Na saro wani turaren mata, a jikin kwalinsa an rubuta da Turanci cewa ƙamshinsa na fure ne haɗe da na 'ya'yan itace, wai kuma ya dace da mace mai fara'a, mai son shiga mutane. Ina so in yi tallarsa da Hausa, amma na rasa kalma ɗaya da za ta ɗauke wannan ƙamshin. Akwai ta? Sannan Bahaushe ya yarda turare yana da halin da yake bi?"

Hajiya, kalma ɗaya dai babu, kuma ba laifinki ba ne da kika rasa ta. Duba yadda Hausa ta yi rabon gado tsakanin abin da hanci ke so da abin da yake ƙi. Ɓangaren ƙi ya kwashi kaso mai tsoka: wari, ɗoyi, ƙarni na kifi ko ɗanyen nama, ƙauri na abin da ya ƙone, zarni na fitsari, hamami na hammata ko bunsuru. Ɓangaren so kuwa ƙamshi kawai aka bar masa. Ƙamshin miya, ƙamshin ƙasa idan ruwan farko ya sauka, ƙamshin amarya, duk kalmar ɗaya ce.

To yaya ake bambantawa? Sai a ci bashi wajen harshe da fata. A ce ƙamshi mai sanyi, mai ƙarfi, mai nauyi, mai zaƙi. Waɗannan kalmomi 'yan gida ɗaya ne da ƙamshi shi kansa: zaƙi, sanyi, zafi, ɗaci, tsami, taushi, duk da wasalin "i" suke ƙarewa, duk kuma abin da jiki ke ji suke faɗa. Tun 1955 wani Baturen masanin Hausa, F. W. Parsons, ya yi rubutu a kansu. Daga cikinsu ake fitar da zazzaƙa, sassanya, zazzafa. Saboda haka in ni ne ke, cewa zan yi: "Sassanyan turare mai ɗan zaƙi, ƙamshin fure da 'ya'yan itace, ba ya hawa kai." Wannan "ba ya hawa kai" kada ki bar shi. Shi ne abin da mace ke fara tambaya kafin ta tambayi kuɗi.

Wani abu da ya kamata ki sani game da hajarki. Ƙamshin tuffa ko na sitiroberi da ke cikin kwalbar ba daga gona aka matso shi ba. Ko da za ki kwashe duk sitiroberin da ake nomawa a Chaha, wajen Vom, ba za ki tatso man turare daga cikinsa ba. Masu haɗa sinadarai ne ke ƙirƙiro shi a ɗakin gwaji. Lemo ne ya fita daban, shi ɓawonsa yana ba da mai. Fure kuwa ana tatsarsa, sai dai da tsada: wardi, wanda sunansa ma Larabci ne, sai an tara furen da ya haura tan 3 kafin a samu kilo 1 na mansa. Ɗa'ifa a Saudiyya da garin Giras a kudancin Faransa sun yi suna a wannan sana'a.

Kuma ƙamshin ba tare yake fita ba. Na 'ya'yan itacen shi ke fara yin sallama, shi ke fara tafiya, sau da yawa cikin rabin awa. Sai furen ya biyo baya. Abin da ke kwana a jikin mayafi shi ne na ƙasa, irin su almiski da sandal. Sanyin Jos yana ɗan riƙe shi. Wadda ta fesa shi da tsakar rana a Abuja kafin faɗuwar damina za ta ce kin sayar mata da ruwa.

Yanzu ga maganar hali, inda nake ganin tambayarki ta fi nama.

Ki saurari yadda mata ke magana idan wata ta shigo tana ƙamshi. Ba a cewa turaren ya yi kama da halinta. Cewa ake yi "ya karɓe ta", kamar yadda ake cewa atamfa ta karɓe ta, ko lalle ya karɓe ta. Lura da wanda ke yin aikin a jimlar: turaren ne ke karɓa, macen ce ake karɓa. Ana kuma cewa "ya kama jikinta", ko "jikinta ba ya riƙe turare". Duk maganar jiki ce. Kuma haka abin yake: kwalba ɗaya, mata biyu, ƙamshi biyu, domin maiƙon fata da zufa ba ɗaya ba ne.

Ita fara'a da aka rubuta a kwalin, daga Larabci muka aro ta, asalinta farin ciki, kuma a fuska take zaune, shi ya sa ake ce mata sakin fuska. Hali ya fi ta zurfi. "Hali zanen dutse," in ji masu iya magana, ba ya kankaruwa. Turare kuwa wanka ɗaya ya ishe shi. Na san za a ce ai "sai hali ya zo ɗaya ake abota", don haka mai sanyin hali za ta nemi sanyin ƙamshi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ban musa ba. Amma na san wata dattijuwa a danginmu, mai kamun kai da ƙarancin magana, wadda ba ta shafa komai sai irin wannan mai zaƙin, jikokinta kuma ga su da rawar kai amma humra da turaren wuta mai farce da kajiji suke so. Kamfani yana rubuta "mai fara'a" ne domin babu macen da za ta karanta ta ce ba da ita ake ba.

Akwai karin maganar da turare ya juya wa baya: "Gani ya kori ji." A Hausa ƙamshi jin sa ake yi, kamar sauti, kamar ɗanɗano, kamar zafi. To a nan gani ba ya korar komai. Wadda ta ga hoton kwalba a WhatsApp ta tura kuɗi, cinikin biri a sama ta yi. Ki ajiye kwalba guda ta gwaji, ki ɗiga wa mai saye a bayan hannu, ki ce ta je ta gama cefanenta a Taminus ta dawo.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗalibi ne a Jami'ar Jos: "Malam, wadda zan aura miskila ce. Abokina ya ce almiski zan saya mata, wai daga nan kalmar ta fito. Haka ne?"

Ɗana, abokinka ya iya zolaya. Kama ce ta sauti kawai. Almiski daga Larabci "al-misk" yake, turaren da asalinsa ake samu a jikin namijin wata irin barewa ta duwatsun Asiya. Yawancin na kasuwa yanzu haɗi ne. Miskili kuwa daga "mushkil" ya fito, wato mai wuyar sha'ani, ɗan'uwan mushkila. Akwai ma na uku, miskini, shi ma gidansu daban. In kana son sanin turaren da take so, tambayi ƙanwarta. Miskila ba za ta faɗa maka ba.

Wata malamar makaranta daga Gangare kuma ta tambaya: ƙamshi ne daidai ko ƙanshi? Duka biyun Hausa ne. Bakin Kano yakan mayar da "m" ta koma "n" a irin wannan wuri, Sakkwato da maƙwabtanta sun riƙe "m" ɗinsu, kamar ɗinki da ɗumki, ko kunci da kumci. Malama, ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kansa a allo, kada kuma ki ja wa yaro jan biro don ya rubuta ɗayan.