Baƙin Allo Bayan Sa Direban Nvidia a Linux: Kada Ka Yi Gaggawar Fomatin

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, ajin ƙarshe. Laftof ɗina mai katin hoto na Nvidia GTX 1050 ce, na sa mata Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux, tare da Windows. Na sauko da direban katin, wato manhajar da ke sa katin aiki, daga shafin kamfanin, fayil mai ƙarewa da .run, na sa shi, ya yi kusan wata guda yana aiki lafiya. Shekaranjiya na sabunta manhajoji, da na kashe na kunna sai allo ya yi baƙi ƙirin, ba komai sai ɗan layi fari yana ƙiftawa a kusurwa. Mai gyara ya ce ko katin ya ƙone, ko kuma sai an yi fomatin. Duk rubutun binciken kammala karatuna yana ciki. Don Allah mene ne mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, kuma kada ka bari kowa ya yi maka fomatin. Rubutunka yana nan ba abin da ya same shi. Idan kana so ka tabbatar da lafiyar katin, shiga Windows ɗin da ke cikin na'urar. In ta tashi, ta ga katin, hoto ya fito tas, to maganar ƙonewa ta ƙare.

Ga abin da ya faru. Zuciyar Linux, wadda ake kira kanel, ita ce ke magana da sassan kwamfuta kai tsaye. Direbobin katunan Intel da na AMD a cikin kanel ɗin suke zaune, a buɗe, duk lokacin da aka canza ta tare ake canza su. Na Nvidia baƙo ne, daga waje yake zuwa. Akwai wani ɓangarensa da dole sai an ɗinka shi daidai jikin kanel ɗin da ke kan na'urarka, kamar yadda tela ke auna mutum kafin ya yanka yadi. Ranar da ka sa fayil ɗin nan, an yi ɗinkin ne da awon kanel ta wannan rana. Sabuntawar shekaranjiya ta kawo sabuwar kanel, tsohuwar rigar ta ƙi shiga, kuma babu telan da zai sake ɗinki. Akwai wata manhaja mai suna DKMS da aikinta ke nan, ta sake haɗa direban duk sanda kanel ta canza, amma in ba ta kan na'urarka lokacin da ka sa direban, ko ba ka amsa da e ba da aka tambaye ka, to ba ruwanta da shi.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, akwai wani direba buɗaɗɗe da Ubuntu ke zuwa da shi domin katunan Nvidia, sunansa Nouveau. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san kalmar, "sabo" ke nan da Faransanci. Masu sa kai ne suka gina shi ta hanyar bin diddigin yadda katunan ke aiki. Shi da na kamfanin ba sa zama inuwa ɗaya, saboda haka wajen sa na kamfanin sai an toshe Nouveau. Yanzu na kamfanin ya ƙi tashi, Nouveau kuma a ɗaure yake, an yi biyu babu.

To, mu fara da ceto rubutunka kafin gyara. Tunda kana da Windows a gefe, da ka kunna na'urar za ka ga jerin zaɓi na GRUB, wanda ke ba ka zaɓin shiga Ubuntu ko Windows. Sauka kan layin Advanced options for Ubuntu, ka shiga, ka zaɓi kanel mai ƙaramar lamba, wato ta kafin sabuntawa. Ubuntu kan ajiye tsohuwar saboda irin wannan rana. Mafi yawan lokuta allonka zai dawo kamar ba a yi komai ba, domin rigar har yanzu daidai take da wannan jikin. Da ka shiga, kafin ka taɓa komai, sa filas ka kwafe aikinka, ka kuma tura wa kanka ta imel. Ina jaddada wannan ne domin ba abin da ke min ciwo irin in ji ɗalibi ya rasa wahalar shekara guda a kan matsalar da gyaranta bai kai rabin awa ba.

Idan hakan bai yi ba, a kan baƙin allon nan danna Ctrl da Alt da F3 a tare. Wurin rubutu zai fito yana neman sunanka da kalmar sirri. Lokacin da kake buga kalmar sirrin ba za ka ga ko tauraro ɗaya ba, haka yake, ka buga ka danna Enter. Idan shi ma ya ƙi, koma jerin GRUB, tsaya kan Ubuntu ka danna harafin e, nemi layin da ya fara da kalmar linux, ka ƙara nomodeset a ƙarshensa, sannan ka danna F10. Hoton zai fito da gwaɓi-gwaɓi, amma za ka samu shiga, kuma na wannan tashin ne kaɗai.

Gyaran kansa shi ne a cire wanda ka sa da hannu, a sa wanda Ubuntu ta shirya. A taminal, wato wurin rubuta umarni, rubuta:

sudo nvidia-uninstall

Idan ya tambaye ka ko ya mayar da tsohon tsarin allo, ka amsa da e. Wani lokaci fayil ɗin /etc/X11/xorg.conf da aka rubuta wajen sa direban shi ne ke tilasta wa allo neman Nvidia alhali ba ya nan. In ka tarar yana nan bayan cirewar, canza masa suna:

sudo mv /etc/X11/xorg.conf /etc/X11/xorg.conf.tsoho

Daga nan kana buƙatar intanet. In waifai ya ƙi kamawa, jona wayarka da kebul ka raba wa kwamfutar data ta USB. Ka tanadi data mai ɗan auki, direban ya kai megabait ɗaruruwa. Sai ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

sudo apt update
ubuntu-drivers devices
sudo ubuntu-drivers install

Na biyun zai lissafo direbobin da suka dace da katinka, ya nuna wanda ya fi so. A nan ka buɗe ido. Za ka iya cin karo a wani wuri da sunaye masu ƙarewa da kalmar open, wato buɗaɗɗen direba, kada ka ɗauke su. A watan Mayun 2022 Nvidia ta buɗe ɓangaren direbanta da ke shiga kanel, daga lamba 515, kuma a 2024 da lamba 560 ta mai da shi zaɓin farko. Ci gaba ne na gaske, musamman ga wanda ya tuna yadda mai Linux ɗin da kansa, Linus Torvalds, ya fito fili a 2012 a jami'ar Aalto ta Finland ya yi wa kamfanin kaca-kaca kan rashin haɗin kai. Amma buɗaɗɗen na katunan zamanin Turing ne zuwa sama, wato GTX 16 da RTX 20 da waɗanda suka biyo baya. Naka na zamanin Pascal ne, rufaffen ne nasa. Umarni na uku ya san wannan, shi ya sa na fi so ka bar shi ya zaɓa da kansa.

Ka tabbata batir a cike yake ko caja na jone kafin ka fara. Idan aka ɗauke wuta na'urar ta mutu ana tsakiyar aikin, da ka samu shiga rubuta sudo dpkg --configure -a sannan sudo apt -f install, za su ƙarasa abin da ya tsaya rabi. Bayan an gama, kashe ka kunna, ka shiga da sabuwar kanel, ka rubuta nvidia-smi. In ka ga ɗan jadawali ɗauke da sunan katinka da zafinsa da lambar direba, shi ke nan. Daga yau duk kanel ɗin da ta zo, direban zai biyo ta.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Daga Maraɗi nake, ina haɗa bidiyon biki da na suna. Na sa Linux Mint a kwamfutata mai RTX 3050, na sa direba ta Driver Manager kamar yadda ake cewa a yi. An nemi in sa wata kalmar sirri, na sa. Da ta sake tashi sai wani shuɗin allo ya fito, na ji tsoro na zaɓi Continue boot. Yanzu komai na buɗewa, amma fitar da bidiyo sai ya ɗauki awanni, kuma nvidia-smi yana cewa ya kasa magana da direba.

AMSA: Yawwa Malama, barka kadai. Ba ki yi kuskure wajen sa direban ba, shuɗin allon nan da kika tsallake shi ne sauran aikin. Kwamfutocin zamani suna da wani mai gadi mai suna Secure Boot a bayos, wato tsarin da ke fara tashi kafin Linux ko Windows, wanda ba ya barin abin da ba shi da sa hannun da ya sani ya shiga kanel. Direbanki a kan na'urarki aka haɗa shi, da maɓallin da ita na'urar ta ƙirƙira aka sa masa hannu, mai gadin kuwa bai san wannan hannun ba. Shuɗin allon gabatarwa ce, ana so ke mai kwamfutar ki ce kin yarda da shi. Da kika wuce, direban yana cikin na'urar amma an hana shi shiga, shi ya sa duk nauyin bidiyon ya koma kan furosesa.

Rubuta mokutil --sb-state. Idan ya ce enabled, to haka ne. Sai ki rubuta:

sudo mokutil --import /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der

Zai nemi sabuwar kalmar sirri sau biyu, ta amfani sau ɗaya ce. Ki kashe ki kunna, ki tsaya a gaban allon, domin daƙiƙa kaɗan yake jira. Da shuɗin ya fito danna kowane maɓalli, ki zaɓi Enroll MOK, sai Continue, sai Yes, ki sa kalmar, sannan Reboot.

Akwai wani tarko a nan da ya shafe ku na Nijar musamman. In allon rubutunki na Faransanci ne, wanda layinsa na sama ya fara da AZERTY, shuɗin allon bai san da haka ba, da tsarin Amurka yake karantawa. Kina danna A yana ganin Q, kina danna Z yana ganin W, M ma ba a wurinsa yake ba. Sai ki yi ta sa kalmar daidai yana ce miki ba ita ba ce. Saboda haka ki zaɓi kalma ta haruffa takwas da babu A, Q, Z, W ko M a ciki, kuma ba lamba.

Wasu za su ce ki shiga bayos ki kashe Secure Boot kawai. Yana aiki, amma ni ban fi son sa ba tunda ga hanya ta minti biyar. Idan kuma akwai Windows 11 a na'urar kuma BitLocker, makullin bayanan Windows, na kunne, kashe Secure Boot na iya sa ta nemi lambar ceto mai alƙaluma 48 kafin ta buɗe, wadda yawancin mutane ba su taɓa ajiyewa ba.

TAMBAYA: Tun da na sa direban Nvidia a Ubuntu, laftof ɗina ke zafi kamar dutsen guga, fanka ba ta hutawa, batir ba ya wuce awa ɗaya. Daga Jos.

AMSA: Laftof ɗinka kati biyu gare ta, ƙarami na Intel mai tsimin wuta da babba na Nvidia. Da alama babban ne ke aiki dare da rana, har wajen buɗe takarda. Rubuta prime-select query ka gani. In ya ce nvidia, sai ka rubuta sudo prime-select on-demand ka kashe ka kunna, ƙaramin zai riƙe allo, babban sai an kira shi. Ranar da babu wuta kuma karatu kawai za ka yi, sudo prime-select intel ya fi tsimi.

TAMBAYA: Na sayi ThinkPad T430 ta hannu a Kano, tana da Nvidia NVS 5400M. Na sa sabuwar Ubuntu amma duk direban da na gwada ya ƙi. Wanne zan nema?

AMSA: Gaskiyar da zan faɗa maka, Malam, ka daina nema. Wannan katin na zamanin Fermi ne, direbansa na ƙarshe shi ne jerin 390, kuma kamfanin ya daina kula da shi tun ƙarshen 2022. Sababbin direbobi ba su san katin ba, tsohon kuma bai san sababbin kanel ba. Za ka ga masu raba faci a intanet don a tilasta shi, amma kowace sabuntawa sai ta iya mayar da kai baƙin allo, kuma ƙarfin da za ka samu bai kai wahalar ba.

Na'urar kanta mai kyau ce, tana da juriya. Cire duk abin da ka gwada da sudo apt purge '*nvidia*'. Sannan ka kunna ta ka danna F1 ka shiga bayos, ka je Config, sai Display, a wurin Graphics Device ka zaɓi Integrated Graphics, ka adana da F10. Katin Intel HD 4000 da ke cikinta ya isa rubutu da lilo a intanet da kallon bidiyo, direbansa na cikin kanel, batirinka kuma zai ƙara daɗewa.