Tambaya da Amsa: Masu Cin Abinci da Alƙalami a Saudiyya

Wasiƙun wannan wata sun fi yawa daga marubuta da masu fassara da ke aiki ba ofis, ba albashi. Mun zaɓi biyar, editocinmu suka amsa.

Assalamu alaikum. Ina rubuta maƙaloli, ina kuma fassara daga Larabci zuwa Hausa ga masu harkar Hajji da Umara. Duk sanda aka tambaye ni farashi sai in daburce, daga baya in ga na karyar da kaina. Yaya ake yanka kuɗin aiki? (Wata 'yar'uwa, Jidda)

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Farashi daga lissafin gida yake farawa, ba daga abin da wance ke karɓa ba. A ce kina buƙatar riyal 3,000 a wata. Kada ki raba shi gida 30, domin akwai ranar neman aiki, akwai ta gyara, akwai ta bin bashi, akwai kuma wadda ko sallama ba wanda zai yi miki. Ki ɗauka kwana 15 ne na rubutu zalla, wato riyal 200 a rana. Maƙala mai buƙatar bincike, kalma 1,000 tsaftatacciya a yini ba ƙaramin aiki ba ne. Kin ga halala 20 ke nan kowace kalma (halala 100 ce riyal ɗaya). Fassara kuwa, in kina fitar da kalma 2,000, halala 10. Wannan shi ne wanda ba za ki sauka ƙasa da shi ba. Ki sa suna sama da haka, don mai saye sai ya taya.

Wurin ƙidaya masu fassara suka fi tafka asara. Larabci yana cusa harafin haɗi da lamiri cikin kalma guda: kwamfuta tana lissafa "wasayaktubunaha" a matsayin kalma ɗaya, alhali a Hausa "kuma za su rubuta ta" ce, kalma biyar. Shi ya sa shafin Larabci yake kumbura in ya dawo Hausa. In kika ce a biya ki da yawan kalmomin Hausa, mai aiki zai yi zargin kina ja da zance. Abin da ya fi shi ne ki fassara shafi ɗaya na gwaji, ki ga yadda ya ƙaru da lokacin da ya ci, sannan ki faɗi jimilla guda ta aikin gaba ɗaya tun kafin a fara. In hoton takarda aka turo ta WhatsApp maimakon fayil, ki ƙara kuɗi, don ba za ki iya ƙidaya ko neman kalma a ciki ba. Murya kuma da minti ake cajinta: hira ko wa'azi na awa ɗaya yakan ci awa 4 zuwa 6 kafin ya zama rubutu, har fiye in a cikin hayaniya aka naɗa.

Na rubuta wa wani mai jigilar alhazai ɗan littafin jagora. Sau shida yana dawo da shi a gyara, ga shi wata uku ina shan "bukra insha Allahu", wato "gobe in Allah ya so". Ina mafita? (Mai karatu, Shara Mansur, Makka)

Malam, Allah ya fid da kai. Da jin wannan, da fatar baki aka yi cinikin. Yanzu ka tattara duk saƙonnin da kuka yi, ka rubuta masa guda ɗaya cikin ladabi, mai ɗauke da adadin kuɗin, ranar da ka miƙa aikin, da wa'adin mako guda. In ya yi burus, ka bi ta hannun wanda ya haɗa ku ko wani dattijo da yake jin nauyinsa. A unguwanninmu wannan ta fi kowace hanya saurin fitar da haƙƙi. Abin da za mu hana ka shi ne ɗora sunansa da hotonsa a Facebook ko TikTok. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 tana hukunta ɓata suna da ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal 500,000. Sai mai bin bashi ya koma wanda ake tuhuma.

Aiki na gaba, kada ka buɗe kwamfuta sai ya amsa "na yarda" a kan saƙon da ya ƙunshi tsawon aikin, farashi, ranar miƙawa, sau nawa za a yi gyara, da sunan wa zai fito a kai. Ka karɓi rabi a matsayin kafin alƙalami. Gyara sau biyu ya wadatar, kuma ka fayyace: canza kalma ko gyara kuskure gyara ne, amma "ƙara mana babi a kan ziyarar Madina" sabon aiki ne, da kuɗinsa. Ranar miƙawa ka rubuta ta da sunan wata, ba da lamba kaɗai ba, don 5/6 na iya zama 5 ga Yuni a wurinka, shi kuma 5 ga Jimada Sani yake nufi. In ka gama, ka tura PDF mai tambarin "samfuri" a kowane shafi. Fayil ɗin Word sai cikon kuɗi ya shigo.

Ɗalibi ne ni a Madina, igamata (takardar izinin zama) ta karatu ce. Wani abokina ɗan ƙasa yana da takardar aikin kai, ya ce in riƙa karɓar aiki da sunansa, kuɗi su shiga asusunsa. Akwai matsala? (Ɗalibi, Madina)

Akwai, kuma babba. Takardar da kake nufi, wadda ake kira "wasiƙatul amalil hur", Ma'aikatar Ƙwadago ce ke ba da ita ta intanet, kyauta, ana sabunta ta duk shekara, amma ta 'yan ƙasa ce. Bahaushen da ke da shaidar zama ɗan Saudiyya ya neme ta, tana sauƙaƙa buɗe asusun banki na sana'a. Baƙo kuwa, dokar ƙwadago ba ta yarda ya yi wa wani aiki ban da kafilinsa (wanda ya tsaya masa a kan igamarsa) ba, ko ya yi sana'ar ƙashin kansa, kuma igamar karatu da bizar Umara ba izinin aiki ba ne. Fakewa da sunan ɗan ƙasa shi ake kira tasattur, laifi ne a kanku ku biyun: tara, ɗauri, kai kuma ga tarhil, wato kora daga ƙasar, a ƙarshe. Ka tambayi ofishin kula da ɗalibai na jami'arku abin da aka halatta muku, kada ka sayar da karatunka a kan riyal 300.

Na miƙa aiki lafiya lau, da aka buga sai ƙ da ɗ da ɓ suka koma akwatuna, ayoyin da ke ciki kuma suka hargitse. Laifin wa? (Hajiya, Hindawiyya)

Hajiya, laifin salon haruffa ne. Mai tsara shafi a Jidda ko Makka galibi bai san Hausa ba, sai ya zaɓi salon da ya yi masa kyau a ido, wanda babu haruffa masu lanƙwasa a cikinsa. Wani in ya ga akwatunan sai ya mayar da su k da d da b, shi ke nan "ƙafa" ta zama "kafa", "ɗaki" ya zama "daki". Maganinsa uku ne: ki rubuta da allon Hausa na gaske (akwai shi a Gboard, allon rubutun waya na Google), ki tura PDF tare da fayil ɗin don ya ga yadda ya kamata ya fito, ki kuma sa a cikin sharaɗi cewa sai kin duba samfurin ƙarshe kafin a kai maɗaba'a. Ki ba shi layin gwaji guda, "Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ", ya liƙa a salon da ya zaɓa, manya da ƙanana, don wani salon yana da ƙananan amma babu manyan.

Ayoyi kuma suna hargitsewa ne saboda Larabci daga dama yake tafiya, Hausa daga hagu. In suka haɗu a layi ɗaya sai baka da waƙafi su yi tsalle. Ki ware wa kowace aya layinta. Kada ki buga aya da hannu, ki kwafo ta daga mus'hafin da Cibiyar Sarki Fahad ta Madina ta wallafa. Ma'anarta ma ba wurin gwada gwaninta ba ne: ki ɗauko daga tarjamar Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wadda cibiyar ta buga, ki faɗi inda kika ɗauko.

Wata jarida a Najeriya nake yi wa rahoton aikin Hajji, da naira take biya, kuma bayan Hajji sai aiki ya ɗauke ɗif. Yaya zan daidaita? (Mai karatu, Misfala, Makka)

Ka nemi a yanke farashi da dala ko riyal, ko da da naira za a biya, bisa canjin ranar biya. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986, naira kuwa daga wajen 460 a kan dala a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya yi jiran wata uku a lokacin ya ga yadda kuɗinsa suka narke. Ka lura da ranaku: hutun Saudiyya Juma'a da Asabar, na Najeriya Asabar da Lahadi, don haka Litinin zuwa Alhamis ne kawai bankunan ƙasashen biyu ke aiki tare. Agogon Makka kuma yana gaba da na Kano da awa biyu, in edita ya ce ƙarfe huɗu, sai ka tambaye shi huɗun wa yake nufi.

Batun ɗaukewar aiki, sana'ar nan kamar noma take: daga Sha'aban zuwa Zulhajji damina ce, Muharram da Safar rani. Ka ware kashi ɗaya cikin huɗu na duk kuɗin da ya shigo a lokacin kaka, a asusu daban. Watannin sanyin aiki kuma su ne na tura wa kamfanoni samfurin aikinka, domin mai son littafin jagora ya iso hannun alhazai a Zulƙida, tun Rajab yake neman marubuci.