Koren ƙyalle da batun makulli: amsoshin tambayoyinku

Wani mai tace bidiyo daga Zariya ya ce: Malam, yaya za mu kira kuroma ki da Hausa? Na ga an rubuta "makullin launi".

Wanda ya rubuta hakan ƙamus ya buɗe, ya ɗauki ma'anar farko da idonsa ya faɗa a kai, bai tsaya ya kalli aikin ba. Kuroma kalmar Girkanci ce mai nufin launi, amma babu ƙofa babu kwaɗo a wannan aiki, balle a nemi makulli. Abin da ake yi shi ne a ɗauki hoton mutum a gaban ƙyalle mai launi ɗaya, sannan a nuna wa manhaja wannan launin, After Effects ce ko DaVinci Resolve ko CapCut ta waya, ita kuma ta share shi duk inda ta tarar da shi, a sa wani hoton a gurbinsa. Saboda haka "cire launi" ya wadatar. Masu kiran hoton da aka sa "bayan fage" su ma su daina, domin bayan fage wuri ne da 'yan kallo ba sa gani, wannan kuwa don a gan shi aka sa shi. Hoton baya ne.

Wata ɗaliba daga Maraɗi ta ce: Malam, ƙyallen nan kore ne ko tsanwa, kuma me ya sa ba a amfani da ja ko fari?

'Yata, duka biyun sun halatta, sai dai kore shi ne gama-gari, tsanwa kuwa ta fi karkata ga mai haske irin na sabon ganye, wanda shi ne ainihin launin ƙyallen. Akwai kuma algashi, wadda a bakin dattawa da 'yan kasuwar tufafi kaɗai nake jin ta yanzu. Tamatar kore ita ce koriya, jam'insa kwarra, amma matasa sun ajiye duk wannan arziki sun rungumi "girin", har mai gabatar da shiri a talabijin yakan faɗe ta ba ko kunya, alhali kakarsa ba ta taɓa rasa sunan wannan launi ba.

Shuɗi ne ya riga kore shiga wannan sana'a. Da shuɗin bango masanin dabarun fim Larry Butler ya yi aikin da ya ba shi kyautar Oscar a wani fim na 1940, daga baya injiniya Petro Vlahos ya inganta dabarar. Kore ya yi rinjaye ne bayan zuwan kyamarorin dijital, domin a idon yawancinsu ɗigon da ke karɓar kore ya ninka na ja ko na shuɗi, ga shi kuma ba ya bukatar fitila da yawa. Ja ba zai yiwu ba, saboda fatar ɗan Adam, baƙi ne ko Bature, tana da ja a cikinta, manhaja za ta haɗa da fuska ta share. Fari kuwa zai tafi da haƙora da farin ido. Har yau idan ɗan wasa zai sa koriyar riga, shuɗin ƙyalle ake rataya masa, in ba haka ba sai a ga kai da hannuwa suna yawo babu gangar jiki.

Wani daga Kumasi ya ce: Malam, me ake kiran koren da ke maƙalewa a jikin mutum bayan an cire bango?

Naso ne, kuma kalmar ta dace kamar don aikin aka ƙirƙire ta. Haske ne yake dukan ƙyallen ya dawo kan mutum, sai ka ga kore-kore a gefen mayafi, da tsakanin gashin gemu, da kafaɗar farar shadda mai sheƙi, wadda ita ce ta fi wahalar da masu tacewa. Maganinsa tun wurin ɗauka yake: a goge ƙyallen, a ɗame shi kada ya yi lanƙwasa, a haska shi daidai ko'ina, a kuma janye mutum daga jikinsa kamar taku biyu ko uku. Manhajojin suna da abin rage naso, amma idan aka matsa masa sai fata ta koma ruwan toka.

Wani malamin makaranta daga Gusau ya ce: ko "kori" ta cikin "gani ya kori ji" tana da dangantaka da launin kore?

Babu ko kaɗan, Malam. Waccan daga kora take, wato fatattaka.